Makullin Kofur Zailani

A shekarar da soja suka ce za su sauka su ba farar hula mulki, ni ma na shiga siyasa. Ban nemi majalisa ba, ban nemi kansila ba. Makulli na nema, wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsana ba. Na riƙa gaya wa mutane don talakawa nake yi. Gaskiyar maganar ita ce alkamata ce take jin ƙishirwa.

Sunan garinmu Sabon Rafin Kanya, a ƙasar Bebeji. Tsohon Rafin Kanya yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga, da masallacinsa da kukokinsa da kabarin mahaifina. Da aka tashe mu aka yanka mana filaye, aka jawo mana 'yar magudana daga babbar hanyar ruwa don mu yi noman rani. A bakin magudanar akwai ƙofar ƙarfe, a jikin ƙofar akwai kwaɗo, makullin kwaɗon kuma yana rataye a wuyan Kofur Zailani.

Kofur ya je yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi da usur da wata irin murya wadda in ya ce maka ina kwana sai ka fara laluben laifin da ka yi. Da an sallame asuba yake buɗe ruwa. Ya bi magudana da sandarsa gona gona, ya ba kowa abin da ya ga dama, da an kira azahar ya rufe. Ba ya cin hanci. Wannan ko ni da na yi takara da shi ba zan yi masa ƙage ba. Tambaya ce dai ba ya so. In ka ce ruwanka bai isa ba, sai ya dube ka daga hula har takalmi ya ce a bakin daga su bakwai suka yi kwana uku da gora ɗaya. Daga nan kai da kanka za ka ji kunyar alkamarka.

Gonata ce ta biyun ƙarshe a layi. Kafin ruwa ya wuce gonaki sittin ya iso wurina ya riga ya gaji, ya koma kamar na alwala. Bayana mutum ɗaya ne, Baba Dikko, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ko na alwalar ba kullum yake samu ba.

Cikin watan Janairu alkamar ta fara ɗaukar ciki. A wannan lokacin in ta yi mako biyu ba ta ƙoshi ba, to abin da za ka girba sai dai ka ba awaki. Ganyen tawa ya fara naɗewa.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani, saboda na taɓa koyar da ajin yaƙi da jahilci, kuma ni kaɗai ne a garin nake yawo da biro a aljihu. Na buɗe akwatin takardu na zaro dokokin ƙungiya. Doka ta bakwai ta ce mai riƙe makulli duk shekara za a zaɓe shi. Da hannuna na rubuta ta. Shekara huɗu ke nan ba a yi zaɓen ba, kuma ni da na rubuta ban tuna da 'yancin jama'a ba sai da ya zo daidai da gonata.

Wurin Baba Dikko na fara zuwa kamfe, don a lissafina wanda ya fi kowa shan wuya shi zai fi kowa son canji. Na same shi a gindin ɗorawa, inda yake wuni kullum.

“Baba, doka ta ce a yi zaɓen mai makulli.”

“Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu. Zaɓe dai za a yi, a ga wanda mutane suke so.”

“Kofur ne ya ce ya gaji?”

“Baba, gonarka fa ta fi ta kowa bushewa.”

“Ta bushe,” in ji shi. “Amma a tsare take bushewa. Na san ranar da ba zan samu ba, na san sa'ar. Wannan ma ai kwanciyar hankali ce.”

Ya gyara zama ya ci gaba. “Ni ko maganar nan ta rediyo ba ta kwanta mini ba, Malam. Wai soja za su sauka. Me muka yi musu? Mutanen nan da suka ce mu tashi, ba a ɗauki lokaci ba muka tashi. Da farar hula ne, da har yau ana taro a kan wa zai fara sauke jinkarsa.”

“Baba, garinmu fa aka nutsar.”

“Aka nutsar kuwa. Ka taɓa ganin aiki ya kammalu haka? Ko kan kuka ba a gani.”

Na rubuta sunansa cikin waɗanda ba su gama yanke shawara ba.

Ranar Alhamis na yi sanarwa a masallaci cewa ranar Asabar bayan la'asar za a yi zaɓe a gindin ɗorawa, ni da Kofur. Na zaɓi la'asar ne saboda ruwa a rufe yake, ba mai uzurin gona. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Wasu har da dafa kafaɗata.

Na san ba wanda zai yarda ya tsaya a layi bayana Kofur yana kallonsa, don haka na shirya abin a asirce. Na kafa zana, na ajiye tulu a bayanta. Duk wanda ya zo za a ba shi gyaɗa ɗaya da tsakuwa ɗaya, ya shiga ya jefa wadda yake so. Gyaɗa ni, tsakuwa Kofur. Ni na raba alamomin, kuma ban ga dalilin da zan ba kaina dutse ba.

Asabar ta zo, la'asar ta yi, muka hallara mu huɗu. Akwai ni. Akwai Baba Dikko, wanda ba zan iya rantsuwa zaɓen ya zo ba, tunda nan ne wurin zamansa. Akwai yayata Barakatu, wadda tun rasuwar mijinta take noman albasa a gonarsa ta tsakiyar layi, don haka tana da ƙuri'a kamar kowa. Ta zo da kujerarta 'yar tsugunno, ta ce ba za a yi wa ɗan'uwanta dariya ba ta nan ba. Sai Kofur, wanda ya riga kowa zuwa, ya tsaya ƙyam kamar an kafa shi.

Can sai ga Shitu a kan keke. Gonarsa ce ta farko a bakin ƙofar ruwa, tumatirinsa bai taɓa sanin ƙishirwa ba. Ko sauka bai yi ba, ƙafa ɗaya ya dire.

“Malam, ana yi?”

“Kai muke jira.”

“Ayya, ka jefa mini tawa. Duk wanda ka ga ya dace.”

“Ni da Kofur ne fa muke takara.”

“To ai shi ke nan, duk ku namu ne.” Ya taka kekensa ya yi gaba.

Wani ya aiko cewa yana ɗinke koma. Wani ya ce surukinsa ya zo daga Kiru. Sauran ba su ɗora wa kansu wahalar ƙarya ba, daga inda muke muna jin shewarsu a wurin dara. Na juya na ga Baba Dikko ya jawo kwaryar gyaɗa gabansa, ya riga ya cinye mini ƙuri'a goma sha biyu.

Kofur ya matso. “Sakatare, ina mutanenka?”

“Suna hanya.”

“Daga Makka?”

Na juya ina gyara zana. Sai ya sunkuyo ya rage murya, wato ya mayar da ita daidai ta sauran mutane. Ya ce shekara huɗu bai kwana ko sau ɗaya a wajen garin nan ba. Ƙanensa yana da teburin shayi a Riruwai, kusa da masu haƙar kuza, tun bara yake kiransa. Sau biyu yana kai makullin gidan mai unguwa, sau biyu dattawa suna dawo masa da shi har da goro.

“Manyana ma za su koma bariki,” in ji shi. “Ni wane ne? In ka ci, da gaske za ka karɓa?”

“Don haka na tsaya.”

“To matsa gefe.”

Ya sa usur a baki ya busa sau uku. Ban san garinmu yana da mutane haka ba. Wani ya zo da kumfar sabulu a kunne, wani da komarsa a kafaɗa, 'yan dara da 'ya'yan dara a hannu. Shitu ya dawo yana tura keken da gudu, ya manta ana hawansa. Kafin ka ce me, an ja layi miƙaƙƙe, ba mai tari.

Na aika gida aka ƙaro gyaɗa. Na hau kan turmi na zaro jawabina, shafi biyu, a kan 'yancin ɗan ƙasa da nauyin da ke wuyansa. Ina cikin sakin layi na farko, Maikano mai gyaran tiyo ya ɗaga hannu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ya yi tambayarsa. Ya leƙa ta gefen kafaɗata.

“Kofur, wanne za mu saka?”

“Gyaɗa,” in ji Kofur. “Wanda ya saka dutse zan sani.”

A nan ne ya kamata in ce ba haka ake zaɓe ba. Na ma buɗe baki. Sai ganyen alkamata ya faɗo mini a rai, na mayar da abin hamma.

Da aka juye tulun a kan tabarma, gyaɗa sittin da ɗaya, tsakuwa ɗaya. Kofur ya ɗauki tsakuwar ya fara bin fuskokin mutane da kallo, kowa yana duban ƙafarsa.

“Ni ce,” in ji Barakatu daga kan kujerarta. “Ba sai ka wahalar da idonka ba.”

“Haba Yaya,” na ce.

“Isyaku, ni na goye ka. Tun kana yaro kaza ba ta taɓa tashi don ka kore ta ba. Sai dai ta matsa maka ka zauna.”

Ƙuri'a ɗaya ce tak a garin nan mai ita ya jefa da ra'ayin kansa, ita ma ba ni aka ba ba.

Kofur ya cire makullin ya rataya mini a wuya. Ranar Litinin ya hau motar Doguwa da akwatinsa na ƙarfe, zai tafi Riruwai. Rabin gari suka raka shi bakin titi, har da masu share hawaye. Ni, zaɓaɓɓe, na riƙe masa buta.

Na zauna na tsara jadawali mai kyau. Kowace gona da ranarta da sa'arta, na ƙara lokacin ruwa har la'asar, na sa wasu ranakun a fara daga ƙarshen layi. Na kira taro don jama'a su duba su amince. Baba Dikko ya halarta. Na liƙa takardar a jikin ɗorawa don kowa ya karanta. Waɗanda suka iya karatun boko a garin duk ɗalibaina ne na yaƙi da jahilci, saboda haka ba wanda ya karanta.

Ranar farko na buɗe ƙofa, ruwa ya shigo da ƙarfinsa. Na bi shi a baya ina jin kaina. Taku talatin na yi na tarar da shi ya tsaya. Shitu ya cika buhu da laka ya datse magudanar, ruwan gari duka yana kwarara cikin tumatirinsa. Da rana tsaka, yana tsaye a wurin yana cin goro.

“Malam shugaba, barka da aiki.”

“Shitu, yau ba ranarka ba ce. Laraba ce taka.”

“Gaskiya ne, Malam. Ɗan jiƙawa kawai nake yi.”

“Doka ta tara ta hana datse ruwa.”

“Allah ya ƙara ilimi. Yanzu zan cire.”

Bai cire ba. Kwana uku da hawana mulki na ƙirga datsi goma sha ɗaya. Ruwa bai ƙara wuce gona ta ashirin ba. Mutum biyu suka fasa wa juna kai da ƙotar fartanya, aka zo aka ba ni labari don in sani kawai. Duk inda na je na karanta doka, a saurare ni da ladabi, a ce gaskiya ne, a yi mini addu'a. Ban taɓa samun girmamawa irin ta wannan makon ba, kuma ban taɓa ganin gonata ta bushe haka ba. Barakatu, da albasarta ta fara kwanciya, ta daina yi mini magana sai ta bakin matata.

A rana ta takwas da hantsi matata ta leƙo ta ce gari duka yana ƙofar gida. Ba usur, ba sanarwa. Na ce alhamdu lillahi, wuya ta koya musu. Na sa babbar rigata ta sallah, na ɗauko kwafin jadawali na fita.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce jama'a sun zauna sun yi shawara, bakinsu ya zo ɗaya. Suna so a rubuta wa Kofur takarda a roƙe shi ya dawo.

“To me ya kawo ku wurina?”

“Kai ne mai biro, Malam.”

Na shimfiɗa tabarma na zauna. Suna faɗa ina rubutawa. Ba wanda bai tofa albarkacin bakinsa ba, har gardama aka yi a kan ko a ce “muna roƙo” ko “muna kuka”, aka ɗaga hannu, kuka ya ci da rinjaye. Maikano ya ce a sa cewa wanda yake kai yanzu ba shi da laifin komai, mutumin kirki ne, abin da ya jawo ke nan. Shitu ya ce a sa cewa tun tafiyar Kofur mutane sun lalace, kowa sai satar ruwa. Na dube shi, ya dube ni, na rubuta. A ƙarshe kowa ya dangwala yatsa, ba wanda surukinsa ya zo daga Kiru. Tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, a can ƙasa na ƙara layi ɗaya daga wurina, na ce ko na mako biyu ne ya daure.

Bayan kwana huɗu direban motar Doguwa ya kawo amsa da baki. Ya ce Kofur yana gaida kowa da kowa, shayi yana tafiya, kuma har ya yi kumatu.

Washegari ita ce ranar ƙarshen layi a jadawali. Daga hantsi zuwa azahar nawa, daga azahar zuwa la'asar na Baba Dikko. Na fara biyawa ta gonata. Ƙasa ta tsage har babban yatsan ƙafata yana shiga. Bakin ganyen ya ƙone. Na murza kan alkama ɗaya a hannu, na ga in ta ƙara kwana biyu haka magana ta ƙare.

Na je na buɗe ƙofa, na taka zuwa wurin Shitu. Buhun ya zama biyu.

“Shitu, don girman Allah. Yau ɗaya. Alkamata mutuwa take yi.”

“Subhanallahi. Ai na gani jiya, har na ce wa mutane abin tausayi.”

“To cire buhun.”

“Yanzu kuwa. Bari wannan fangalin ya cika.” Ya matso ya dafa ni yana murmushi. “Kai Malam ba ka iya faɗa ba. Wallahi shi ya sa muke son ka.”

Har yau ban tabbata ba ko tura shi na yi, ko santsin laka ne ya kwashe ni na nemi abin dafawa. Abin da na sani, Shitu ya tafi da baya cikin magudana, ruwan sanyin safiya ya rufe shi har hula. Na sunkuya na miƙa hannu, ina haɗa kalmomin ban haƙuri.

Ya taso yana tari. Bai kama hannuna ba. Buhun ya kama.

“Yanzu zan cire, ranka ya daɗe.”

Ya cire na farko, ya cire na biyu, ya sa hannu ya kwashe ragowar lakar, haƙoransa suna kaɗawa. Ruwa ya wuce.

Na bi shi a baya, amma labarin ya riga mu duka. A gona ta biyar an ce na mari Shitu. A ta goma sha biyu an ce ɗaga shi na yi sama na maka da ruwa. Da na kai ta talatin na ji wani yana rantsuwa cewa da ma ya sani, na taɓa aikin soja a ɓoye, dubi yadda nake tafiya. Ni kuwa ɗingishi nake yi don takalmina ɗaya ya zauna a lakar Shitu. Ko'ina mutane suna cikin magudana har gwiwa suna janye buhuna. Maikano ya cire hula.

“Yanzu muka ji magana,” in ji shi. “Da ma abin da muke jira ke nan, ranka ya daɗe.”

Barakatu tana tsaye a kunyar albasarta, hannu a ƙugu. Ta bar ni na zo daidai da ita.

“Allah ya shirye ku,” ta ce. “Kai da su.”

Ruwa ya shiga gonata da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ƙasa tana sha tana ƙara, tsagogin suna haɗewa. Na bi fangali fangali da fartanya ina buɗe masa hanya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ji kiran azahar.

Lokacina ya cika. Kowane fangali ya sha, in don ceto ne an ceto ta. Baba Dikko ya riga ya zo, yana zaune a kan iyakarmu da fartanyarsa a cinya, gonarsa a bayansa fara fat. Abin da ya rage in sa fartanya sau biyu in juya masa ruwan.

Na tsaya na dube shi. Na ce a raina in ya yi magana zan juya, ko da kalma ɗaya ce, ko da tari ne. Na ba shi lokaci sosai. Har na yi gyaran murya don in taimaka masa.

“Baba, an yi azahar.”

“An yi, ranka ya daɗe,” in ji shi. “Sai ka gama.”

Na sake zagayawa da ruwan tun daga fangalin farko. Ban rufe ba sai da aka kira la'asar.